Ba duk hasken rana ganye ke ci ba

An daɗe ana ɗauka cewa iya ƙarfin rana, iya abincin da tsiro zai haɗa. Ni ma da wannan fahimtar na taso. Gaskiyar ita ce ganye yana da iyaka.

Ganyen wake yakan ƙoshi da haske tun kafin rana ta take. Abin da ya ƙaru bayan nan haɗari ne. In koren sinadarin ganye, wato kulorofil, ya kama hasken da babu inda za a kai shi, ƙarfin yakan faɗa kan iskar oksijin, ta rikiɗe ta riƙa lalata ganyen daga ciki.

Shi ya sa tsiro ke zubar da rarar. Cikin 'yan mintoci tsami yana ƙaruwa a cikin ƙwayoyin ganyen, wani sinadari ruwan ɗorawa mai suna ziyazantin ya samu, ya taimaka a mayar da rarar hasken ta zama zafi, ganyen ya sake shi. Leƙa gonar wake da azahar lokacin da ruwa ya ɗauke: za ka tarar ganyaye sun miƙe sun ba rana gefe. Kauce wa haske suke yi.

Abin da ya fi burge ni shi ne, in gajimare ya gitta, kariyar ba ta saki nan take, sai tsiro ya yi asarar hasken da yake bukata. A 2016 masana a Jami'ar Ilinoyi ta Amurka suka hanzarta sakin a tsiron taba, girmansa ya ƙaru da kimanin kashi 15 cikin 100.