Waiwaye: daga gonar Solusi zuwa rigimar zaɓe ranar Asabar

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato ko aka fitar da jadawalin jarrabawa sai maganar nan ta dawo, wai 'yan cocin Adventist suna roƙon a daina sa zaɓe da jarrabawa ranar Asabar domin a wurinsu daga faɗuwar rana ta Juma'a zuwa faɗuwar rana ta Asabar ba a aiki ba a karatun boko, sai ibada. Har kotu aka je a Abuja, a 2024 ta kori ƙarar. Na ga mutane da yawa suna cewa yaushe kuma aka fara wannan sabon salo, to gaskiya ba sabo ba ne, ya haura shekara 100.

An kafa cocin a Amurka a 1863, mishan ɗinsu na farko suka sauka Afirka ta Kudu a 1887, suka shiga Gana a 1894, Malawi a 1902, Kenya a 1906. A Najeriya David Babcock ne ya zo a 1914 ya zauna a Erunmu kusa da Ibadan, sunansa ne aka sa wa jami'arsu ta Ilishan-Remo wadda ta fara a matsayin kwaleji a 1959 ta zama jami'a a 1999. Mu nan arewa John Hyde ne ya zo Jengre a kan hanyar Jos zuwa Zariya a farkon shekarun 1930, da ɗan ɗakin shan magani aka fara, shi ne ya zama asibitin da mutanen yankin suka sani yau.

Amma abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ya faru a Solusi, kusa da Bulawayo a ƙasar da ake kira Zimbabuwe yanzu. A 1894, shekara ɗaya bayan yaƙin da Turawa suka ci ƙasar ƙabilar Ndebele, hukumar Turawa ta ba cocin fili eka 12,000 kyauta. Ka ji girman fili fa. Da labari ya isa Amurka sai cikin cocin ya rikice, domin su mutane ne da suka taso da aƙidar cewa coci da hukuma kowa ya tsaya a gonarsa, sun ga yadda dokokin hana aiki ranar Lahadi suka kai wasu 'yan'uwansu gidan yari a can. Masu adawa suka ce wanda ya karɓi kyautar sarki yau, gobe ba shi da bakin musa wa sarki, har shugabannin mishan suka yanke shawarar a biya kuɗin filin kawai a huta. Sai ga wasiƙa daga Ellen White, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa cocin, a 1895, tana Ostareliya a lokacin, ta ce a karɓa, ta kawo misalin yadda sarkin Farisa ya taimaka wa Nehemiya, wanda Littafi Mai Tsarki ya ce ya sake gina ganuwar Urushalima. Aka karɓa.

Mutanen da suka je wurin kuwa sun sha wuya wallahi. A 1896 Ndebele suka yi wa Turawa tawaye, 'yan mishan suka gudu Bulawayo suka yi watanni, suka dawo suka tarar da yunwa, yaran da yunwar ta raba da iyayensu su aka tattara suka zama 'yan makarantar farko. A 1898 zazzaɓin cizon sauro ya kashe da yawa daga cikin 'yan mishan har da likitansu, kuma yawancinsu sun ƙi shan kwinin, maganin zazzaɓin, saboda aƙidarsu ta guje wa magunguna masu ƙarfi. Ba na jin akwai wanda zai karanta wannan ya ce neman duniya ya kai su.

Ni dai a ganina tun daga wannan filin hanya ta sauya. Makarantar da ke tsakiyar gonarta ita ke da agogonta, yara su yi noma da safe su yi karatu, Juma'a da yamma a ajiye fartanya a yi wanka a jira faɗuwar rana, babu mai tambaya. To amma da aka buɗe ƙofar hulɗa da hukuma sai sauran suka biyo a hankali, rajistar makaranta, sufeto mai zuwa duba aji, manhaja ɗaya da kowa, satifiket ɗin da sai da shi yaro zai samu aiki. Iyaye ma su suka fi son haka, wa zai kai ɗansa makarantar da takardarta ba ta ci a ko'ina. Sai ga shi makarantun sun yi nasara, sun fitar da malamai da nas-nas da likitoci da akawu, dukkansu kuma sun shiga cikin mako irin na Turawan mulki wanda Lahadi ce kaɗai hutunsa tabbatacce, Asabar kuwa ranar da ake cusa duk abin da ya rasa wuri a tsakiyar mako.

Shi ya sa in na ji ɗalibi a Jengre ko Aba yana kukan an sa masa takarda ranar Asabar, ina tuna ɗan'uwanmu Musulmi da lacca ke cin karo da sallar Juma'a, na san irin nauyin da ke ƙirjinsa. Yau cocin na da jami'o'i a Najeriya da Gana da Kamaru da Kenya da Ruwanda, ita kanta gonar Solusi jami'a ce yanzu, kuma kowacce da lasisin hukumar ƙasarta take aiki.