Mene ne tawali'u a wurin mai bin Yesu?

Kalmar nan tawali'u kusan kowace Lahadi sai ka ji ta a majami'a, ko a wa'azi ko a waƙar Zumuntar Mata ko a addu'ar dattijo, daga Billiri da Kaltungo har cikin garin Gombe, amma in ka tsayar da mutum ka ce 'yar'uwa me ake nufi da ita, yawanci amsar ita ce ladabi, wato sunkuyar da kai, durƙusa wa manya, magana ƙasa-ƙasa. Ladabi abu ne mai kyau, iyayenmu sun koya mana kuma ina so yaranmu su riƙe shi. Sai dai mutum na iya durƙusa wa Baba Fasto har ƙasa zuciyarsa kuwa tana tsaye ƙiƙam.

A bangaskiyar Kirista, tawali'u shi ne mutum ya san matsayinsa a gaban Allah ya kuma yarda da shi, cewa Allah ne Mai Iko Duka, shi ke da rai da lokaci da ruwan sama, ni kuwa abin da ke hannuna duk ba ni aka yi. Shi ya sa ba a raba shi da miƙa wuya ga nufin Allah. A Luka 18 Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka je Haikali addu'a, ɗaya Bafarisiye, wato ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin Shari'a, ɗaya kuma mai karɓar haraji, Bafarisiyen yana lissafa azuminsa sau 2 a mako da zakkarsa, mai karɓar harajin ko ɗaga ido sama bai iya ba, jinƙai kawai ya roƙa, kuma shi ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a wurin Allah. Bafarisiyen fa bai yi ƙarya a kan azumin ba, yana yi ɗin. Matsalarsa ya zo gaban Allah kamar mai bin bashi.

Inda abin ya fi taɓa ni shi ne Getsamani, lambun da Yesu ya yi addu'a a daren da aka kama shi. Yesu bai ɓoye abin da yake so ba, ya roƙi Uba a ɗauke masa ƙoƙon wahalar da ke gabansa, Matiyu 26 ya nuna har sau 3 ya yi addu'ar, sannan ya ce ba nufinsa za a bi ba sai na Uba. Kenan miƙa wuya bai hana ka roƙo ba, bai hana ka kuka ba, ka faɗa wa Allah abin da ke ranka tsakani da gaskiya, amma hukuncin ƙarshe ka bar masa. Bulus ya ɗora a kan wannan a Filibiyawa 2, cewa Almasihu ya ɗauki surar bawa ya yi biyayya har mutuwa ta gicciye, kuma ya rubuta haka ne ga ikilisiyar da mata biyu a cikinta, Afodiya da Sintiki, ba sa jituwa. Wato maganar ta shafi zamanmu na cikin coci kai tsaye. A yi zaɓen dattawa ko na shugabar mata a ba wani, a nan ake ganin wanda ya gane kalmar, don akwai wanda zai ci gaba da zuwa yana share majami'a yana ba da baikonsa, akwai kuma wanda daga ranar ya ɗauke ƙafa ya kwashi iyalinsa.

To amma akwai inda muke ɓata kalmar, kuma wannan yana damuna sosai. Yaro na zazzaɓi kwana da kwanaki ba a kai shi asibiti ba, a ce an bar wa Allah. Gwauruwa 'yan'uwan miji sun ƙwace mata gona, ta kawo kuka, a ce Mama ki yi haƙuri nufin Allah ne. Gaskiya wannan ba tawali'u ba ne sam. Littafin Ƙidaya 12:3 ya ce babu mai tawali'u a duniya kamar Musa, shi ne kuma ya tsaya gaban Fir'auna ya ce a saki mutanen Allah. Nehemiya, da maƙiya suka taso lokacin da yake sāke gina garun Urushalima, ya yi addu'a ya kuma sa masu tsaro dare da rana. Bulus da za a yi masa bulala a Urushalima ya buɗe baki ya ce shi ɗan ƙasar Roma ne, ba a yi masa shari'a ba. Manomin Tula ko Talasse da ya yi huɗa a kan lokaci, ya sa taki, ya yi noma, sannan ruwa ya ɗauke masara na fitar da gemu, in ya ce Ubangiji ne ya bayar shi ne ya karɓa, wannan ya miƙa wuya. Wanda bai fita gona ba tun farkon damina ba shi da hurumin faɗin haka.

Sai kuma gidan makoki, inda muke saurin yi wa mutane bayanin dalilin Allah. Abokan Ayuba su 3 sun zauna da shi kwana 7 ba wanda ya ce uffan, da suka fara magana ne suka nace lallai akwai zunubin da ya yi. Allah da ya amsa daga sura 38 ta Littafin Ayuba bai gaya wa Ayuba dalilin wahalarsa ba ko kaɗan, tambayoyi ya jero masa, ina yake lokacin da aka kafa harsashin duniya, har Ayuba ya sa hannu ya rufe bakinsa. A sura 42 kuwa abokan nan Allah ya yi fushi da su don ba su faɗi gaskiya game da shi ba, ya ce su kai hadaya, Ayuba ɗin da suka yi ta zargi shi zai yi musu addu'a.