Bindiga mai baki biyu, sama da ƙasa: wacce ke riƙe kuɗinta a Legas?

Daga Agege zuwa Mile 12 tambayoyin masu son sayen irin wannan bindiga ba sa canzawa, ga amsarsu a wuri ɗaya.

Wace iri ake nufi?

Wadda bakinta ɗaya ke kan ɗaya. Karya ta ake yi a sa harsashi biyu. Shi ke nan.

In saya tukuna, lasisi ya biyo baya?

A'a, Alhaji. Dokar bindigogi ta 1959 ta sa lasisin irin wannan a hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, kuma a 2023 rundunar ta sanar da dakatar da ba da sabo. Ka je hedikwatarsu ta jihar Legas a Ikeja ka ji halin da ake ciki kafin ka fitar da kobo. Bindigar da ba takarda ba ta da farashi, sai ɗauri.

Beretta ko Browning?

Duk biyun za su kai ka tsufa. Beretta 686 ƙirar Italiya ce, jikinta siriri, ba nauyi a daji. Browning Citori kuwa kamfanin Miroku ke ƙera ta a Japan tun 1973, ta fi kauri da nauyi, shi ya sa ba ta dukan kafaɗa sosai. Ka ɗora kowacce a kafaɗa, wadda idonka ya hau daidai kan bakinta ita ce taka.

Na Turkiyya fa, irin su Huglu da Yildiz da ATA?

Suna aiki, ga sauƙin kuɗi. Amma ranar sayarwa za ka ga bambanci. Baikal ta Rasha ba ta da kyan gani, sai jure wahala.

An kawo min ta hannu, wai Beretta ce. Kuɗina zai dawo in na tashi sayarwa?

Ya danganta, kuma sunan kamfani shi ne abu na uku da za ka duba. Na farko takarda: lambar da ke jikin bindigar ta yi daidai da ta lasisin mai ita, a kuma yi canjin hannu ta wurin dillali mai rajista. Na biyu tsatsa. Iskar Legas da gishirin teku take tafe, bindigar da ta yi damina biyu a jakar soso ta iya lalacewa ko da harsashi goma kawai ta harba.

Ka tabbatar ba harsashi a ciki, ka cire bakin, ka leƙa ta haske. In ka ga ƙananan ramuka kamar zanzana, farashi ya faɗi. In ka ga kumburi ko lotsawa, ka bar ta. Sannan ka rataye bakin a yatsa ka ɗan ƙwanƙwasa: ƙara mai zaƙi kamar ƙararrawa na nufin haɗin ƙarafan lafiya yake, ƙara a dushe kuwa galibi haɗi ne ya saki.

Ka mayar da bakin, ka bar katakon gaba a cire, ka girgiza ta. Bai kamata ka ji wasa ba. Dubi mabuɗin da ke sama: a sabuwa yana karkata dama, in ya wuce tsakiya zuwa hagu makullin da ke riƙe bakin ya ci. Wannan ba lallai ya hana saye ba, domin a Beretta ana canza makullin da ƙarafan da bakin ke juyawa a kansu, sai dai samo kayan da wanda ya iya aikin a nan shi ne wahala, don haka ka cire kuɗin gyaran daga tayinka. Duba katako inda ya haɗu da ƙarfe, nan tsaguwa ke ɓuya. Zoben matse baki kuma, wanda ake ɗaurawa a cikin ƙarshen bakin, ya kwance da makullinsa ba gardama, in tsatsa ta kama shi aiki ya same ka.

In duk wannan ya yi, kwantar da hankalinka. Beretta ko Browning mai tsabta ba ta rasa mai saye cikin masu lasisi, ko da ciniki zai ɗan ja lokaci.

Zanen da ke jikinta yana ƙara kuɗi?

Kaɗan. Ciki ake saye.

Maƙeri ya rage min tsawon baki?

Kul! Ka yanke baki mai inci 28 ka kashe kuɗinta, ka kuma sa ta saɓa wa takardarta.

Baƙin mai na mota ya isa a shafa?

Don Allah a daina. Man bindiga kaɗan a tsumma bayan kowace fita, daga Epe ka dawo ko Badagry, a ajiye ta a akwatin ƙarfe mai kulle, baki ƙasa don kada mai ya gangara ya jiƙa katako, harsashi kuma a wani wurin daban inda yara ba sa kaiwa.