Tallata labari ga ɗan jaridar siyasar duniya da wasanni

Tallata labari shi ne mutum ya tuntuɓi ɗan jarida da wani batu da yake ganin ya isa a buga ko a watsa, yawanci ta imel, in maganar mai haɗari ce kuma ta Signal, manhajar aika saƙo cikin sirri. Masu yin hakan sun haɗa da jami'an hulɗa da jama'a, wakilan 'yan wasa, ƙungiyoyin kare haƙƙi, sai kuma masu tona asiri daga cikin gida.

Shi ɗan jaridar da ya haɗa siyasa da wasanni ba wa ya ci wa yake nema ba, wannan ai kowa ya gani a talabijin. Farautarsa ita ce inda mulki da kuɗi suka shigo fili, irin yadda FIFA ta ba Rasha da Qatar gasar cin kofin duniya a Disamba 2010, ko dakatar da Rasha da FIFA da UEFA suka yi a Fabrairu 2022 bayan ta auka wa Ukraine. To saƙon da za a tura masa gajere ake so, kanun ya faɗi labarin kai tsaye, a nuna me ya sa sai yanzu, wa zai yarda ya yi magana, kuma wace hujja ce a hannu, dan shi ma sai ya shawo kan editansa kafin a ba shi fili. Masu tura sanarwa iri ɗaya ga 'yan jarida barkatai kam da wuya a kula su.

Hujjar nan ita ce komai, kuma labarin Vitaly Stepanov ya nuna haka. Tsohon ma'aikacin hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta Rasha ne, tun 2010 yake ta aika wa WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, saƙonni amma shiru kake ji, sai da shi da matarsa Yuliya, 'yar tseren mita 800, suka haɗu da Hajo Seppelt na tashar ARD ta Jamus, ita Yuliya ta riƙa naɗar maganganun koci-koci da 'yan wasa a ɓoye. Aka watsa rahoton a Disamba 2014, zuwa Nuwamba 2015 IAAF, hukumar wasannin guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya, ta dakatar da Rasha.

Maganar sakaya suna da ranar da za a saki labari, tun kafin a buɗe baki ake daidaita ta, ba bayan an gama hira ba. Su Stepanov da sunansu suka fito, kuma dole suka bar Rasha saboda tsaron rayuwarsu.