Waiwaye: Yadda gwajin jini ya fara hasashen makomar mai sankarar hanta

Duk wanda ya taɓa jinyar mai sankarar hanta a Kano ya san wannan takarda. 'Yar ƙarama ce, da hatimin ɗakin gwaji, a tsakiyarta haruffa uku, AFP, sai lamba a gefe. Lokacin da muke jinyar wani kawuna, na ga ya riƙe tasa da hannu biyu kamar sammacin kotu, idanunsa sun koma ruwan ɗorawa saboda shawara. Ya ce wa likita, "Ɗana, wannan lamba tawa hawa take ko sauka?" Likitan ya ce, "Baba, sai mun sake ɗibar jini nan da wata guda tukuna." Na ɗauka zillewa yake yi. Sai daga baya na gane gaskiya ya faɗa, domin likitoci sun fi karanta inda lambar ta dosa fiye da inda take tsaye.

AFP wani furotin ne da hantar ɗan tayi ke sarrafawa tun yana ciki, kuma bayan haihuwa sai ya ragu har ya kusa ɓacewa. Wasu masana biyu a Suwidin, Bergstrand da Czar, su suka gano shi a 1956. A 1963 Garry Abelev a Mosko ya ga ya dawo a jinin ɓerayen da ƙari ya fito musu a hanta, shekara guda bayan haka kuma Yuri Tatarinov ya same shi a jinin mutane masu cutar. Wato ƙwayoyin sankara kan koma halin ɗan tayi, su bar sawunsu a jini.

A daidai waɗannan shekaru ake tono sanadin cutar, kuma nan ne labarin ya biyo ta ƙofar gidanmu. A 1960 talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyadar da aka shigo da ita daga Barazil. Da aka bincika sai aka tarar da guba mai suna afulatoksin, wadda fumfuna ke fitarwa a gyada da masarar da aka adana da danshi. A lokacin dalar gyada na tsaye a Kano, har gobe kuma ƙuli-ƙuli da tuwon masara ba su bar kwanonmu ba. A 1965 Baruch Blumberg ya bayyana wata alama a jini wadda daga baya aka tabbatar ta ƙwayar ciwon hanta nau'in B ce, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1976. Binciken Palmer Beasley a Taiwan a 1981, kan maza sama da 22,000, ya nuna masu ɗauke da ƙwayar su ne sankarar ta fi kamawa nesa ba kusa ba. Idan guba da ƙwaya suka haɗu a hanta ɗaya, haɗarin ninkuwa yake yi.

Amma AFP bai zama alƙalin da aka yi fata ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku na masu sankarar lambarsu ba ta tashi, sannan takan tashi a mai juna biyu ko wanda ciwon hantarsa ya motsa. Shi ya sa aka yi ta neman abokan tafiya: DCP, wani furotin da ƙwayoyin sankarar hanta ke fitarwa, a 1984, sai AFP-L3, wani nau'in AFP ɗin, daga Japan, sai ma'aunin GALAD a 2014 da ya haɗa ukun da shekaru da jinsin mutum.

Babban sauyin ya zo ne da aka daina tambayar jini "akwai cutar?" kawai, aka koma tambayarsa "wane magani ne zai yi wa wannan mutum aiki?" Ƙa'idar Milan ta 1996 girman ƙari da yawansa kaɗai take dubawa kafin a yi dashen hanta: ƙari ɗaya da bai wuce santimita 5 ba, ko uku da kowanne bai wuce 3 ba. A 2012 likitocin Faransa suka nuna cewa idan aka saka AFP a lissafin, an fi gane wanda cutar za ta dawo masa bayan dashe. Labarin maganin ramucirumab ya fi ɗaukar hankali. A 2015 an gwada shi bai nuna amfani ga jimillar marasa lafiya ba, sai aka lura waɗanda AFP ɗinsu ya kai 400 sun ɗan amfana. Aka sake gwajin da su kaɗai, sakamakon 2019 ya nuna matsakaicin kwanansu a raye wata 8.5, na waɗanda ba su samu maganin ba 7.3. Wata ɗaya da 'yan kwanaki, a kan kuɗin da ya fi ƙarfin yawancin gidaje; ni dai ban ga abin guɗa ba. Duk da haka, shi ne karo na farko da gwajin jini ya zaɓi masu karɓar maganin sankarar hanta kuma zaɓin ya tabbata.

Abin da ya fi yi mini ma'ana shi ne ma'aunai masu sauƙi. ALBI na 2015 albumin (furotin da hanta ke sarrafawa) da bilirubin (sinadarin da ke kawo shawara) kawai yake buƙata don auna sauran ƙarfin hanta, gwaje-gwajen da ake yi yau da kullum a wurare irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. CRAFITY na likitocin Biyana ta ƙasar Ostiriya a 2022 kuwa AFP da CRP (alamar kumburi a jini) yake haɗawa don hasashen wanda sababbin magungunan zaburar da garkuwar jiki za su karɓa.

Sai dai hasashen magani na wanda ya iso da sauran dama ne. Wani bincike na 2017 da ya haɗa asibitocin Afirka, har da na Najeriya, ya gano cewa in aka cire Masar, matsakaicin shekarun majinyata 46 ne, matsakaicin kwanansu bayan gano cutar wata biyu da rabi, kuma kashi 3 cikin 100 ne kacal suka samu maganin sankarar kanta. A nan gida mutum kan sha jiƙon shawara wata da watanni, sai ciki ya kumbura a kai shi asibiti. Sai a 2004 rigakafin ciwon hanta nau'in B ya shiga allurar jarirai a Najeriya, wani binciken ƙasa baki ɗaya na 2018 kuma ya nuna kusan mutum 8 cikin 100 na manya suna ɗauke da ƙwayar.

Kawu bai kai ga ɗibar jini na uku ba. Bayan sadakar bakwai likitan ya aiko a kawo 'ya'yansa a gwada su, aka samu ƙwayar a jinin babban. Yanzu yana shan tenofovir, maganin danne ƙwayar, kullum, duk wata shida ya je a ɗauki hoton ciki a auna AFP, takardun kuma yana jera su a tsohuwar jakar mahaifinsa.