Oba-oba a Hannu: Abin da Doka Ta Ce Kafin Ka Danna Maɓallin Magana

A kasuwannin kayan lantarki ana sayar da ƙananan oba-oba irin su Baofeng UV-5R ba tare da an tambayi mai saye wata takarda ba, shi ya sa mutane da yawa suke ɗauka cewa biyan kuɗi shi ne izini. Idon doka yana kan maɓallin nan da ke gefen na'urar, wanda ake dannawa a yi magana. Da zarar ka danna shi ka zama tashar aika saƙo ta iska, kuma tasha sai da lasisi.

Tushen hukuncin yana cikin Ƙa'idojin Rediyo na Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, wato ITU mai hedikwata a Janiba, wadda Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan duk mambobinta ne. Sashe na 18 ya hana mutum ko kamfani kafa tashar aikawa ko sarrafa ta sai da lasisin gwamnatin ƙasarsa. Sashe na 25 kuma ya keɓanta ga 'yan sha'awar rediyo, wato waɗanda aka ba izinin koyon fasahar da gwaje-gwaje da gaisawa da junansu, ba don neman ko sisi ba. A Najeriya dokar Wireless Telegraphy Act ta 1961 ce ta haramta kafawa ko amfani da na'urar sadarwa ta iska ba lasisi, sannan Dokar Sadarwa ta 2003 ta kafa majalisar da ke rabon mitoci ta ƙasa. Rabon aikin shi ne hukumar NCC na kula da mitocin kamfanonin sadarwa da tantance na'urori, hukumar NBC na kula da gidajen rediyo da talabijin, ma'aikatar sadarwa ta tarayya kuma na riƙe da mitocin da ba na kasuwanci ba. A Nijar hukumar ARCEP ce ke tsara harkar sadarwa.

Lasisin yakan zo ne bayan an gwada mutum, domin sashe na 25 ya ɗora wa kowace ƙasa tabbatar da cewa mai nema ya san aikin da ƙa'idarsa. Tun taron rediyo na duniya da ITU ta yi a 2003 aka daina tilasta wa ƙasashe gwajin rubutun Morse, wato aika haruffa da gajerun sautuka da dogaye, aka bar wa kowacce zaɓinta. Wanda ya ci sai a ba shi lambar kira tasa shi kaɗai, mai farawa da harafin ƙasarsa: 5N a Najeriya, 5U a Nijar, 9G a Gana, TJ a Kamaru, TT a Chadi, ST a Sudan. Ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta Najeriya, NARS, tana cikin ƙungiyar duniya ta IARU, kuma irin waɗannan ƙungiyoyi su ne hanya mafi sauƙi ta samun wanda zai koya wa sabon shiga.

Wani abu da ya kamata a fayyace tun da wuri: lasisin ɗan sha'awa ba ya rufa wa masu gadi, ko 'yan sintiri, ko ma'aikatan otal, ko masu shirya taron biki asiri. Duk wanda zai yi amfani da oba-oba don gudanar da aiki, lasisin sadarwar ma'aikata yake buƙata, inda hukuma za ta yanka masa mita tasa. Aron lambar kiran wani ma ba ya halatta komai.

Inda aka fi faɗawa rami shi ne faɗin da na'urar take da shi. UV-5R tana iya aikawa daga 136 zuwa 174 MHz, da kuma daga 400 zuwa 520 MHz (wasu samfuran suna tsayawa a 480). Amma ITU ta raba duniya yanki uku, Afirka da Turai suna yanki na 1, kuma a nan rabon 'yan sha'awa shi ne 144 zuwa 146 MHz da 430 zuwa 440 MHz. Wato cikin MHz 38 da na'urar ke iya taɓawa a zangon VHF, wato 136 zuwa 174 ɗin nan, biyu kacal ne naka. Sauran gonar mutane ce. A ciki akwai 156.800 MHz, tasha ta 16 da jiragen ruwa ke neman agaji a kai. Akwai 406 zuwa 406.1 MHz, inda na'urorin ceto na jiragen sama da na ruwa ke aika alama ga taurarin ɗan'adam na Cospas-Sarsat. Na'urar ba za ta gargaɗe ka ba, ko ina ka buga za ta bi.

Yawancin bidiyon koyarwa da jerin tashoshin da ake saukewa daga intanet daga Amurka suke, ita kuwa tana yanki na 2, inda zangon ya kai 148 MHz. Tashar kiransu 146.520 ce, da yawa daga na'urorin maimaita murya nasu suna kan 146 da 147. Wanda ya loda irin wannan jeri a Kano ko Damagaram ya fita daga rabonsa ko da yana da lasisi a aljihu. Haka tashoshin 462 da 467 MHz da Amurkawa ke amfani da su a cikin iyali, da 446 MHz na Turai: sassaucin da aka yi musu na ƙasashensu ne, kuma na Turai ma an ɗaure shi da sharaɗin rabin wat da eriyar da ba ta cirewa, sharaɗin da UV-5R ba ta cika ba. Tashoshin da masana'anta ke sakawa a cikin sabuwar na'ura kuwa na gwaji ne, a goge su gaba ɗaya.

Saboda haka bin doka a aikace yana farawa ne daga saita na'urar. Da farko a ɗaura eriya kafin a kunna, domin aikawa ba eriya yana mayar da wutar cikin na'urar ya ƙona ɓangaren da ke ba ta ƙarfi. A kula da bakin eriyar: a Baofeng allurar tana jikin rediyon, eriyar ce mai rami, a yawancin na'urorin Yaesu da Icom kuma akasin haka ne, don haka eriyar wannan ba ta yi wa wancan. A cika batir, mai bolt 7.4, sannan a danna VFO/MR a koma yanayin buga mita da hannu, a tabbatar kibiyar da ke allon na'urar tana layin sama.

A cikin menu, lamba 1 ita ce STEP, a sa ta 12.5K, tazarar da tsarin IARU na yanki na 1 ke bi tsakanin tashoshi. Lamba 5, WN, a sa NARR ta dace da wannan tazarar. Idan aka bar ta a faɗi muryarka za ta malala kan tashar maƙwabci, mai sauraro da matsattsen saiti kuma zai ji ka a tsattsage. Lamba 2, TXP, a sa LOW, wat ɗaya ke nan, a koma HIGH mai wat huɗu zuwa biyar sai idan ba a jin ka. Iyakar ƙarfin da aka yarda maka tana rubuce a lasisinka, sashe na 25 ya bar wa kowace ƙasa ta yanke. Lamba 0, SQL, ita ke toshe shuwar da ake ji idan ba mai magana. 2 ko 3 ta wadatar, idan ta yi yawa za ka daina jin masu nisa har ka yi magana a kansu ba ka sani ba.

Akwai saiti huɗu da suke hana na'ura yin ɓarna da kanta, kuma a ganina sun fi sauran muhimmanci ga sabon shiga. VOX a lamba 4 a kashe ta, in ba haka ba tari ko hirar gida ma za ta iya hawa iska. TOT a lamba 9 a sa daƙiƙa 60 ko 120, yadda idan maɓallin ya danne a aljihu ko kan kujerar mota na'urar za ta yanke da kanta. AL-MOD a lamba 32 a sa SITE, domin maɓallin nan mai ruwan lemo idan aka daɗe a kansa jiniya yake tayarwa, kuma a sauran saitin biyu aikawa yake yi a iska. ROGER a lamba 39 a kashe, ƙara ce marar amfani.

Don magana kai tsaye tsakanin na'ura da na'ura, tashar kira a yanki na 1 ita ce 145.500 MHz, a UHF kuma, wato zangon 430 zuwa 440, 433.500 ce. Ana kira a nan, idan an amsa sai a koma wata tasha a bar ta ga wasu. A nisanci 145.800 zuwa 146.000 da 435 zuwa 438, na taurarin 'yan sha'awa ne, a 145.800 ɗin ma Tashar Sararin Samaniya ta Duniya ke sauko da murya. 144.800 kuma ta saƙonnin kwamfuta ce. Kada a sa rai da nisan da aka rubuta a kwali. Wannan zango kusan layin gani yake bi, mutum biyu a tsaye a fili kilomita kaɗan za su yi, cikin gine-gine ƙasa da haka. Hawa bene ko sa eriya mai tsawon kusan santimita 49 ya fi ƙara wat amfani.

Nisa na gaske yana samuwa ne ta na'urar maimaita murya da ake kafawa a kan tsauni ko doguwar hasumiya. Tana saurare a mita ɗaya tana sakewa a wata, a VHF tazarar kHz 600 ce ƙasa. Idan tana sakewa a 145.600, kai za ka aika a 145.000. A buga 145.600, a sa SFT-D ta lamba 25 a alamar ragi, OFFSET ta lamba 26 a 0.600, sannan a sa sautin buɗe ƙofarta a T-CTCS ta lamba 13, misali 88.5 Hz idan shi masu ita suka sanar. Kuskure a alamar nan yana da hukunci: wanda ya sa ƙari maimakon ragi a kan 145.600 zai aika a 146.200, waje da zango. Wajen ajiyewa a MEM-CH ta lamba 27, gurbin da ke da tasha sai an fara goge shi da lamba 28, kuma samfura da yawa suna so a ajiye sau biyu, mitar saurare sannan mitar aikawa. Wannan wahalar ce ta sa aka fi saita na'urar daga kwamfuta da manhajar CHIRP da kebul, kyauta ce, kuma tana da abin da menu ba shi da shi: za ka iya kashe aikawa a kowace tasha ta zama ta saurare kaɗai. Wanda bai karɓi lasisi ba tukuna ya yi wa dukkan tashoshi 128 haka.

Sautin buɗe ƙofar nan, mai suna CTCSS, wanda 'yan kasuwa ke tallata shi a matsayin lambar sirri, ba ya ɓoye komai. Kunnenka kawai yake toshewa daga wasu, duk wanda bai saka shi ba yana jin ka sarai. Ɓoye magana ma haramun ne a wannan fage, sashe na 25 ya hana sauya saƙo tsakanin tashoshin ƙasashe don a ɓoye ma'anarsa, in ban da umarnin sarrafa tauraro, kuma dokokin ƙasashe sun ɗauki wannan a cikin gida. Haka talla da ciniki da sa waƙa da watsa shiri ga jama'a. Isar da saƙon wani da ba ɗan sha'awa ba zuwa wata ƙasa an taƙaita shi ga lokacin gaggawa da bala'i, sai inda ƙasa ta sassauta. Lambar kira kuma dole a riƙa faɗinta a kai a kai. A Amurka an ƙayyade kowane minti 10 da kuma ƙarshen magana, kuma wannan ma'auni ne mai kyau ga kowa.

Saurare ma yana da iyaka. Sashe na 17 na Ƙa'idojin ITU ya wajabta wa ƙasashe hana tsintar saƙon da ba don jama'a aka aika ba, da yaɗa abin da aka ji. Wanda ya ci karo da maganar jami'an tsaro ko ta wani kamfani yana jujjuya mita, ya wuce, kada ya ɗauka ya tura a WhatsApp.

Saura tsabtar abin da na'urar ke fitarwa. Duk mai aikawa yana haifar da 'yan ƙananan sigina a ninkin mitarsa, mai magana a 145 yana iya bayyana a 290 da 435 MHz idan matatar cikin na'urar ba ta da kyau. Gwaje-gwajen ƙungiyar 'yan sha'awar rediyo ta Amurka, ARRL, sun nuna na'urori masu araha da dama sun gaza a nan, kuma alhakin yana kan mai lasisi, ba kan wanda ya sayar ba. Shi ya sa haɗa irin wannan oba-oba da na'urar ƙara ƙarfi ko babbar eriya ta saman rufi ba tare da an auna ta ba ganganci ne, dattin zai ƙaru tare da muryar. Idan wani ya kawo ƙorafin cewa kana shiga masa, ka dakata da aikawa, ka rage zuwa wat ɗaya, ka sa a auna na'urar kafin ka koma iska.