Makarantun Firamare na Coci a Ƙauyukan Kaduna

Makarantar firamare ta coci, wadda dattawa suka fi sani da makarantar mishan, makaranta ce da ƙungiyoyin wa'azin Kirista suka kafa a ƙauye, galibi cikin harabar majami'a. Ta wannan ƙofa boko ya fara shiga ƙauyuka da dama na Jihar Kaduna, musamman na kudancin tsohon lardin Zazzau.

Asali

Turawan mulki sun taƙaita aikin mishan a cikin garuruwan sarakunan Musulmi, shi ya sa makarantun suka fi yawa a bayan gari da ƙasashen da ba na Musulmi ba. Likita Walter Miller na ƙungiyar mishan ta CMS, ta cocin Angalika, ya zauna a birnin Zariya tun 1905, yana magani yana koyar da yara. A 1929 aka mayar da mishan ɗin bayan ganuwa, zuwa Wusasa, inda aka gina majami'ar St. Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa sak, aka kuma kafa makaranta mai wannan suna da asibitin St. Luke. A nan Janar Yakubu Gowon, ɗan mai bishara, ya yi firamare kafin ya wuce kwalejin da ake kira Barewa a yau. Farfesa Ishaya Audu, wanda ya zama shugaban Jami'ar Ahmadu Bello a 1966, shi ma nan ya yi.

A kudu kuwa, ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) ta sauka Kwoi a 1910, daga baya Kagoro, cocinta ya zama ECWA a 1954. Katolika ma sun buɗe nasu makarantun. Da Hausa ake fara karatu a ƙananan azuzuwa, ko ga yaran da ba ita suka tsotsa ba, kuma fitowar Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 ta ƙara wa wannan ƙarfi.

Gini

A ƙauyuka da yawa, da farko babu wani gini na daban. Ɗakin da aka yi sujada ranar Lahadi shi ne aji ranar Litinin, mai bishara kuma shi ne malam. Sai yara sun yi yawa ake kiran gayya: maza su kwaɓa ƙasa su yi tubali, mata su ɗebo ruwa, samari su yanko ciyawar rufi.

Fasalin kusan ɗaya ne ko'ina: dogon gini mai ɗaki biyu ko uku a jere, baranda a gaba, tagogin katako ba gilashi. Allo a jikin bango yake, siminti ne aka shafe aka baƙanta da gawayi. Wasu kujerun ma dakali ne na ƙasa. Ƙararrawa kuwa tsohon ƙarfen ƙafar mota ne a rataye a reshen mangwaro, wanda idan aka buga har gona ana ji. Gidan hedimasta na gefe, filin ƙwallo da gonar makaranta na baya.

Rufin ciyawa ba ya jure gara da gobara, sai kwano ya maye gurbinsa. Kwanon ma da nasa aibin, don idan ruwa ya sauko da ƙarfi malam sai ya yi shiru, in kuma iskar farkon damina ta zo takan yaye shi ɗungurum.

Bayan karɓar gwamnati

A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi makarantun mishan, da yawa suka koma amsa sunan L.E.A., wato hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma. Shirin ilimin firamare kyauta na UPE da aka fara a 1976 ya kawo tururuwar yara, aka yi ta ƙara azuzuwan bulo da siminti cikin gaggawa. Shi ya sa a harabar makaranta guda ake iya ganin gine-gine na zamani uku: tsohon na ƙasa mai kaurin bango, wanda ya fi sauran sanyi da rana, na bulon UPE, da sabon mai fenti da hukumar ilimin firamare ta gina. Da yake tun asali fili ɗaya ne, a wasu ƙauyuka har yau babu katanga tsakanin coci da makaranta.